Jan Fenti a Jikin Babur ɗin Burodi

Ran nan da Mai Burodi ya shigo layinsu yana tura babur, sai da matan da ke bakin famfo suka toshe hanci. Ba laifinsu ba ne. Babur ɗin ya sha wanka a kwata tun daga fitila har lamba, ga baƙin mai ya tsiyayo daga inji ya haɗe da laka ya yi kaca-kaca. Shi kansa mai turawar bai fi babur ɗin kyan gani ba. Wando ya yage a gwiwa, hannu na jini, takalmi na fitar da ruwa duk taku. Ya sunkuyar da kai ya wuce bai gaida kowa ba, mutumin da ko akuya ya tarar a hanya sai ya kusa ce mata sannu.

Ga abin da ya faru. Aikinsa raba burodi a shaguna da babur ɗin gidan burodin, akwati ɗaure a kan kariya. Tun gashinsa na baƙi yake wannan aikin, yanzu furfura ta ci rabin gemunsa, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ko ta wasa ba. Da hantsin nan, ɗaukewar ruwan sama ke nan, ya fito daga gidan burodin zai sha kwana sai wata jar mota ta taho ta baya ta goge shi. Shi da babur da burodi suka dunguma cikin kwata. Motar kuwa ta ɗan Ubangida mai gidan burodin ce, yaron da ma'aikata ke kira Ɗan Lele idan ba ya kusa.

Yaron ya fito, waya na hannunsa ko kashe ta bai yi ba, ya hau faɗa.

"Kai tsoho, barci kake yi a kan hanya? Ni ban taɓa ka ba! Kai ka zame!"

Mutane suka taru. To me kuke tsammani Mai Burodi ya ce, yana tsaye tsamo-tsamo cikin kwata, ruwa har ƙwauri? Cewa ya yi, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe." Wallahi haka ya ce. Shi aka kaɗe, shi ke ba da haƙuri, kuma ga yaron da aka haifa a gabansa, yaron da ya sha kai wa makaranta a kan wannan kariyar yana riƙe masa riga. Bakin ne ya saba, ya riga kan magana. Wani a cikin taron ya yi dariya, dariyar nan kuwa ta fi faɗuwar yi masa ciwo.

Ubangida ya yi tafiya, sai manaja ya kira shi a waya. Ɗan Lele ya riga ya faɗi tasa: tsoho na gyangyaɗi, ya faɗa kwata, har ya ba da haƙuri a gaban kowa. Da aka miƙo wa Mai Burodi wayar, a nan ne harshensa ya dawo.

"Ranka ya daɗe, motar ce ta goge ni. Ga fentinta nan ja a gefen kariya da murfin salansa."

Ubangida ya saurare shi har ya gama. Mutum ne mai zafi, amma kowa ya san ba ya yanke hukunci sai ya gani.

"To ɗayanku maƙaryaci ne," in ji shi. "Gobe da safe ina nan. Tafi da babur ɗin gidanka, kar ka bar shi nan wani ya taɓa. Ka kawo min shi yadda yake. In na ga fentin, na san abin da zan yi da ɗana. In ban gani ba, kai ma ka san sunan da ka saya wa kanka."

Shi ke nan abin da ya rage wa Mai Burodi a duniya: wani jan zane mai tsawon tafin hannu a ƙarƙashin laka. Duk hanya yana turawa yana leƙa shi, kamar mai tsoron kar ya gudu.

Gidan haya suke zaune, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta. Matarsa na tsugune tana wanke-wanke ta ɗago ta gan shi.

"Innalillahi! Baban yara, me ya same ka?"

"Faɗuwa na yi."

"A ina? Garin yaya?"

"A kwata. Santsi."

Ya so ya ƙara, maganar ta zo har maƙogwaro. Amma in ya fara, dole ya kai wurin da ya ce wa yaro ranka ya daɗe, ga kuma maƙwabciyarsu matar tela tsaye a ƙofar ɗakinta ta baza kunne. Sai ya haɗiye. Ya jingine babur ɗin a bango, ya watsa ruwa, ya sake kaya, ya ce zai je kemis a duba masa hannu. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ki bar shi. Kar ki taɓa, gobe Ubangida zai duba shi."

"To," in ji ta.

Yanzu sai na gaya muku wace ce wannan matar. Mahaifinta bakanike ne, a gareji ta yi rarrafe, ta san sifana kafin ta san ludayi. Shi ya sa mijin ke tsokanarta da 'Yar Gareji, har sunan ya bi ta. Kuma akwai wani wasa da suke yi tun suna ango da amarya. Duk ranar da ya dawo da babur da datti, sai ya ce, "Ki bar shi, ni zan wanke." Ita kuma ta ce to. Yana ba da baya ta wanke abinta tas. In ya dawo ya ɗaure fuska ta ƙarya ya ce, "Haba 'Yar Gareji, ba na ce ki bar shi ba?" Ta ce, "Ka ce." Su yi dariya. Mutum ne da bai iya cewa na gode ba, wannan ita ce godiyarsa, ita ma ta san haka. Ko sau ɗaya bai taɓa wanke babur ɗin nan da hannunsa ba.

Yana fita matar tela ta matso tana fifita da gefen mayafi.

"Yau kuma gidan namu ya koma bola? Maƙwabciya, wannan warin ai sai ya kori baƙi."

Kunnuwan 'Yar Gareji suka yi zafi. Ta dubi babur ɗin. Wannan ƙazantar ce za a kai gaban Ubangida, mutumin da ke sa yatsa a akwatin burodi ya duba ko da ƙura? A ce wannan daga gidanta ya fito? A ce mijinta, bayan ya zubar da burodin mutane, ya kuma kawo musu babur yana wari? Ta ɗaure zane a ƙugu ta ce a ranta, in dai tana numfashi ba za a yi wa Baban yara wannan dariyar ba.

Aikin da ta yi ran nan, ko mahaifinta ya tashi daga kabari sai ya jinjina mata. Ta fara taɓa inji da bayan hannu ta ji ya huce. Ta cusa leda a bakin salansa ta ɗaure da roba, ta rufe fulogi da wurin makulli, don ta san in ruwa ya shiga nan gobe sai an yi ta buga shi ba zai tashi ba. Ta kwance akwatin ta kai shi gefe. Sannan ta yi ta kwara ruwa daga sama, lakar kwata na gangarowa baƙi ƙirin, da ɓawon lemo da guntun leda da abubuwan da ba a faɗa. Ta kora su da tsintsiya har magudana.

Da laka ta tafi sai maiƙo ya fito fili, wanda ruwa ba ya yi wa komai. Ta zuba kananzir a tsohon gwangwanin madara, ta ɗauko buroshin haƙori da aka daina amfani da shi, ta zauna a kujera 'yar tsugunno. Ta bi haƙarƙarin injin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga tayar baya tana juyawa a hankali tana goge sarƙa, tsohon giris da yashi na zubowa a kan kwalin da ta shimfiɗa. Ta kare birki da tsumma don kar kananzir ya ɗiga a ciki, domin mahaifinta ya sha faɗa cewa wanda ya bar mai ya taɓa birki ya kashe mutum. Bayan nan ta kaɗa garin sabulu ya yi kumfa, ta bi ko'ina da soso, ta ɗauraye, ta bi wayoyin taya da tsumma har suna ɗaukar ido. Tana yi tana 'yar waƙarta, ranta fes.

Sai ta zo kan jan zanen.

Sabulu bai taɓa shi ba. Kananzir ma ya bi ta kansa ya wuce. Ta karkata kai ta dube shi, ta kankara da farce. Fenti ne, ko a ina ya gogo shi oho, wataƙila ƙofar wani shago. Ta ce, "Kai ɗin wa? Yau za ka san a gareji aka haife ni." Ta zare tiyon mai, ta tsiyayi fetur kaɗan a farin tsumma, ta danna a kan zanen ta jira ya jiƙa. Ta murza. Jan ya fara narkewa yana hawa tsumman, yana shiga ƙarƙashin farcenta. Ta sake jiƙawa ta sake murzawa, a kariya da murfin salansa, har lungun da walda ta haɗa ƙarfe ta sa tsinke ta sakato. Ta ƙarasa da ɗan man goge baki don wurin ya yi sheƙi. Da ta ja da baya ta duba, ko ita ba za ta iya nuna inda zanen yake ba. Ta ɗiga sabon mai a sarƙa, ta cire ledojin, ta mayar da akwati, ta buga babur ɗin ya tashi a bugu ɗaya. Matar tela ta leƙo ta koma ba ta ce komai ba, wannan kuwa ya yi wa 'Yar Gareji daɗi ƙwarai.

Shi kuwa Mai Burodi, daga kemis wurin mai faci ya wuce, wanda rumfarsa ke kallon kwanar da abin ya faru. Ya roƙe shi ya zo gobe ya faɗi abin da ya gani. Mai faci bai ɗago daga tayar da yake dubawa a ruwa ba.

"Kawu, ni kaina na ƙasa lokacin. Ƙara kawai na ji."

Duk motocin gidan burodin wurinsa ake kawo su faci, Mai Burodi ya san haka, bai matsa ba. Ya zauna a bencin ya daɗe, don bai san da wace fuska zai koma gida ba. Abin da ya tashe shi ma tunanin fentin ne. Ya ce ba komai, ƙarfe ba ya jin tsoron kowa, gobe shi zai yi magana.

Rana ta yi sanyi ya shigo gida. Ya tsaya cak a bakin ƙofa. Babur ɗin na tsakiyar tsakar gida yana walƙiya, kamar yau aka ciro shi daga kwali. Matarsa na gefe tana kwashe shanya, tana satar kallonsa, tana danne murmushi. Ya taka a hankali ya durƙusa a gefen kariya. Ya shafa. Ya leƙa ta ƙasa. Ya shafa murfin salansa, ya ga fuskarsa a ciki.

"Ba na ce ki bar shi ba?"

"Ka ce," in ji ta, dariya na shirin kuɓuce mata.

Sai ta ga bai tashi ba. Ya dafa ƙasa da hannun da aka naɗe, ya zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti, babban mutum, a gaban matan gida. Ta zubar da kayan shanyar a kan igiya ta kama shi ta ja shi ɗaki, ta saki labule.

A bakin gado ya faɗa mata komai, idonsa na kan tabarma. Jar motar, da wayar Ubangida, da mai faci. Da ya zo kan haƙurin da ya ba yaron, muryarsa ta shige ciki har sai da ta matso.

"Ina cikin kwata, 'Yar Gareji. Na ce masa ranka ya daɗe. Mutane na dariya. Shi ne na kasa faɗa miki."

Ta dubi hannuwanta. Jan na nan a gefen farce, ya ƙi fita. Ta tuna yadda ta sa tsinke ta bi lungu, yadda ta yi wa zanen kirari, yadda ta ji daɗi da matar tela ta yi shiru. Kunya ta rufe ta har ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta ɓoye hannuwan a cikin zane.

"Wayyo ni. Da hannuna. Da hannuna na mai da kai maƙaryaci."

"Ba ke ba ce. Ni ne ban buɗe baki ba."

"Ka buɗe! Ka ce kar in taɓa!"

"Kullum haka nake cewa."

Ta fita da gudu ta tono tsumman daga kwandon shara, ja da baƙi yana warin fetur. Ta ce gobe tare za su je, ta durƙusa gaban Ubangida ta ce ita ce. Ya girgiza kai. Tsumma ai tsumma ne, kowa na iya shafa masa fenti. Kuma shi an riga an yi masa dariya, ba zai kai matarsa gaban leburori a ƙara da ita ba. Abincin da ta zuba musu, haka ta mayar da shi tukunya.

Da safe ya hau babur ɗin ya tafi. Bai taɓa jin injin na tafiya lafiya kamar ran nan ba, abin haushi.

Ubangida na tsaye a harabar gidan burodin, hannu a baya. Manaja na gefe, masu kwaɓi sun leƙo ta taga da gari a hannu. Jar motar na ajiye a inuwa, Ɗan Lele ya jingina da ƙofarta yana danna waya. Ubangida ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya duƙa ya dubi kariya, ya miƙe.

"Na ce ka kawo shi yadda yake."

"Haka ka ce, ranka ya daɗe."

"Ina fentin?"

"An wanke."

"Wa ya wanke?"

Mai Burodi ya ji duk idanun nan a ƙeyarsa. Ya ce, "A gidana aka wanke. Laifina ne."

Ɗan Lele ya yi 'yar dariya. "Ka gani ko, Baba? Dama ba wani fenti. Ya wanke ne don ya ce an goge."

Wani daga taga ya yi tsaki, ba a san da wa yake ba. Mai Burodi ya tsaya da hular kwano a hannu. Shekarun nan duka da ya yi yana kai burodi cikin rana da ruwa, yau ga shi tsaye kamar ɓarawon da aka kama.

Ubangida ya juya. Ya taka zuwa wurin motar, a hankali, yana jan hanci. Ya tsaya a gaban bamba ta gefen dama. Wurin ya fi sauran jikin motar sheƙi, jan ya fi kauri, har ya ɗan gangaro ya daskare kamar hawaye. Aikin gwangwanin feshi ne, na wanda bai iya ba kuma yake sauri, ga damina ba ta bar shi ya bushe ba. Ubangida ya sa babban yatsa ya danna. Da ya ɗago, yatsan ya yi ja, zanen yatsan kuma ya zauna a jikin bamba.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ɗan Lele ya daina danna waya. Mai Burodi ya gani, manaja ya gani ya kau da kai. Sai Ubangida ya tura hannun cikin aljihu, wuyansa ya yi gumi, ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Magana ta wuce. Kowa ya koma bakin aikinsa. A loda masa burodi."

Ko kallon inda Mai Burodi yake bai iya yi ba. Ya shige ofis da hannu a aljihu, ya kira ɗansa da wata murya da ba a taɓa ji ba, aka rufe ƙofa.

Da yamma 'Yar Gareji na zaune a bakin ƙofar ɗaki tun kafin lokacin dawowarsa, ba ta dafa komai ba. Ya shigo da babur ɗin, an sake ruwa, laka ta fallatsa har tanki. Ta miƙe.

"Sun kore ka?"

"A'a."

"Ya yarda da kai?"

"Bai ce ba." Ya jingine babur ɗin, ya kamo hannunta ya juya shi yana duban jan da ke gefen farcen. "Amma ya taɓa motar ɗansa. Yatsansa irin naki ya koma. Ya ɓoye a aljihu."

Ta gane. Ta zare hannunta ta share ido da gefen zane. Can ta ɗauko bokiti, don hannun ya saba, ta kai bakin famfo ta tara. Har ta ɗaga za ta kwara sai ta tsaya, ruwan na zuba a ƙafarta. Tunda aka kawo ta gidansa ba ta taɓa tambaya ba.

"Baban yara, in wanke?"

Ya buɗe baki, tsohuwar maganar ta zo, ya mayar da ita. Ya tsuguna ya ɗauki soson ya miƙa mata.

"Wanke," in ji shi. "Na gode."